Bazara Ta Shigo Kurmi: Alamomina, da Wata Magana ga Jama'ar Zango

 

Shekaranjiya da asuba bayan mun fito daga masallaci na tsaya wajen mai shayin bakin layinmu kamar yadda na saba, sai na tarar yana ta bubbuga gwangwanin sukari a gefen tebur, sukarin ya dunƙule ya ƙi zubowa. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, an fa juya." Na ce masa ai ni tun makon jiya na samu labari, domin uwargida ta nuna mini gishirinta ya jiƙe a cikin roba alhali ba wanda ya ɗiga masa ruwa. Wanda bai zauna Ibadan ba zai ɗauka shirme muke yi, amma mu mun san abin da hakan ke nufi, wato hunturu ya naɗe tabarmarsa, iskar teku ta iso, bazara ta shigo, ruwan farko kuma yana kan hanya.

Na zo garin nan a 1994 ina saurayi, na sauka gidan wani kawuna mai fataucin goro a Sabo. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina kallon yadda shekara ke juyawa a nan, har a hankali na tara wasu 'yan alamomi nawa na kaina da nake gane shigowar bazara da su. Yau su nake so in baje a faifai, daga nan kuma in faɗi wani ra'ayi da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda na san ba kowa ne zai ji daɗinsa ba.

Bazarar da muka baro a gida

A ƙauyenmu da ke ƙasar Batsari ba ka buƙatar wani ya gaya maka bazara ta zo. Daga Maris zuwa Mayu rana takan buɗe kamar ana hura mata wuta, ƙasa ta ɗauki zafin da yaro ba zai iya taka ta da tsakar rana ba takalmi ba, rijiyoyi su ja baya sai an ƙara wa guga igiya, jama'a su kwashe tabarmi su koma kwana a tsakar gida. Lokacin ne ɗorawa ke nuna, mu yara bakinmu duk ya yi rawaya da garinta. Lokacin ne kuma iyaye ke zaman ɗar-ɗar saboda sanƙarau, cutar da ba ta cika lafawa ba sai ruwa ya sauka. Duk wanda ya ga annobar 1996, wadda ta ci rai sama da dubu 11 a ƙasar nan, akasari a Arewa, ya san abin da nake faɗa.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba ya da kalandar bango, amma yana da abubuwan da yake dubawa. Yana duba shamuwa, in ta iso ta fara ɗora sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, sai ya ce baƙuwar damina ta sauka. Yana duba gawo, wanda shi ɗabi'arsa daban ce, sai sauran itatuwa sun fara toho sannan shi ya fara zubar da ganye. Da almuru kuma yakan ɗaga kai ya dubi taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, in ya ga kullum suna ƙara gangarawa yamma har suka ɓace, to magana ta ƙare. Sai a shiga sharar gona, a ƙone kara da ƙaya, a yi ta jigilar taki a mangala, masu ƙarfin hali kuma su yi binne, wato su rufe iri a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah sauran.

To waɗannan su ne alamomin da na taho da su Kurmi a cikin kaina, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta yi mini amfani a nan. Ban taɓa ganin shamuwa ta yi sheƙa a Sabo ba, gawo babu shi, taurari kuwa sai ranar da aka ɗauke wuta gari ya yi wasai sannan ka tuna da su.

Alamomin da Kurmi ta koya mini

Ta farko ita ce wadda na fara da ita, wato laimar da ke shigowa cikin iska. Tun cikin Fabrairu za ka ga leɓenka ya daina tsagewa, faso ya fara haɗewa, kwalbar man shafawa da ake rububi a kanta a Disamba ta koma bayan madubi ba mai neman ta. Ƙofar ɗakina ta katako ce, duk hunturu takan yi sako-sako, ranar da na ji sai na sa kafaɗa kafin ta rufu, na san an juya. Malamin makarantar allon layinmu shi ma yana da tasa, ya ce a hunturu kafin almajiri ya kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe, amma da zarar ya ga yara suna ɗaga alluna suna fifita tawada, to bazara ce. Mai kilishi zai ce maka kayansa sun daina ƙaras-ƙaras sun koma danƙo. Mata kuwa lokacin suke fito da garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar da aka aiko daga gida, su shanya su zuba a roba mai murfi, don sun san ko kaɗan aka yi sake fumfuna za ta hau su.

Ta biyu ita ce irin zafin. Zafin gida ƙuna ne, in ka samu inuwa da randa ka tsira. Na nan gumi ne, ya bi ka inuwa, ya bi ka ɗaki, ka yi wanka ka fito kana tsiyaya. Da na ga ƙurajen zafi sun feso wa ƙananan yara a wuya da gadon baya, manya kuma sun fara fito da benci ƙofar gida har ƙarfe goma sha biyun dare, ba na sake tambaya. A 2024 da 2025 da azumi ya faɗo cikin Maris, kowa ya ji wannan a jikinsa.

Ta uku a kasuwa take. Agbalumo, wannan ɗan itacen mai tsami-tsami da yaranmu suka fi mu sani, sai ya fara ja da baya a faifan talla, kashu da mangwaron Ogbomosho su maye gurbinsa, ƙudaje su biyo su. Sannan abin da ya fi shafar aljihu, kwandon tumatir ya fara hawa. Dalili kuwa a bayyane yake, tumatirin da ke cika kasuwannin Ibadan a lokacin sanyi na noman rani ne daga wurare irin su Kadawa da Ɗanja, da zafi ya tsananta a can sai ya fara yankewa, motoci su ragu. Ranar da uwargida ta ce kuɗin cefane ba ya isa, yau miyar kuka za a yi, ni a wurina shela ce.

Ta huɗu kuma ita ce uwa-uba. Wata rana da yamma cikin Maris, wani lokaci ma tun ƙarshen Fabrairu, sai iska ta tsaya cak, gabas ta yi baƙi ƙirin, can sai guguwa ta taso da leda da takardu, masu tebur su hau kwashe kaya, kwanon rufin da ba a ɗaure shi da kyau ba ya kama hanya. Sannan ruwa ya sauka. Kashegari in ka hau tudun Mokola ka dubi gari, waɗannan tsofaffin kwanuka masu tsatsa da aka san Ibadan da su za ka ga an wanke musu ƙurar wata uku, sun fito jajaye kamar an shafa musu manja. In aka ƙara ruwa ɗaya ko biyu masu ƙarfi sai shinge ya fito da dare ya yanyame fitilu, yaranmu da na maƙwabta su fito da kwanonin ruwa suna kamawa, mu muna cewa shinge su suna cewa esunsun, gobe da safe kowa ya soya nasa. Kwaɗi su ɓarke da kuka a bayan gida. 'Yan garuwa kuma su fara zaman hamma a gindin kurarsu, tunda kowace mata ta tara bokiti a bakin indararo.

Me ya sa namu ke riga na gida?

Wannan tambaya ta daɗe tana damuna kafin wani malamin makaranta ya warware mini ita a sauƙaƙe. Iska biyu ce ke kokawa a kan ƙasar nan. Akwai busasshiya mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce hunturu. Akwai kuma mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ita ce ke ɗauke da ruwa. Inda suka yi karo akwai wata iyaka da ido ba ya gani, kuma iyakar nan tafiya take yi. A Disamba da Janairu tana can kusa da bakin teku, shi ya sa hazo kan sauko har Legas. Daga Fabrairu sai ta fara hawa arewa a hankali, ta wuce mu, ta wuce Ilori, ta haye Kwara a Jabba, ta bi ta Kwantagora da Zariya, ba ta isa ƙasar Katsina da ƙarfinta ba sai wajen Yuni. A Agusta ta kai maƙura can cikin Nijar, sannan ta juyo.

Saboda haka tsakanin ruwan shukar Ibadan da na ƙauyenmu akwai ratar wata biyu zuwa uku. Ruwan da ke sauka a nan a shekara yakan haura milimita 1,200, na Katsina kuwa kusan rabin haka ne. Kuma a Agusta, lokacin da marka ke kan ganiyarta a gida, a nan ruwa yakan ɗan tsagaita na 'yan makonni kafin ya dawo a Satumba. A taƙaice, kalanda biyu muke rayuwa a cikinsu. Matsalarmu ita ce ɗaya kawai muka yarda da ita, ita ce ta wurin da ba ma kwana a cikinsa.

Alamar da ta daina zuwa

Akwai wata alama da na bari sai yanzu, domin ita ce ta fi taɓa mini zuciya. Lokacin da na zo garin nan, hanya mafi sauƙi ta gane damina ta kusa a gida ita ce ka ƙirga sahu a sallar Isha'i. 'Yan cirani kan sauko ne bayan an gama kaka, su bazu a garuwa da dako da gadi da wankin takalmi da yankan farce. Da ruwan farko ya sauka sai ka ga hankalinsu ya rabu biyu, an fara sayen jakar gana-masgo, an fara cinikin rediyo da turmin atamfar Inna. Kafin ƙarshen Mayu sahu biyar ya koma uku, masallaci ya yi fili, mu mazauna mu miƙe ƙafa.

A wancan lokacin kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Na tuna wani ɗan ƙanwata da aka yi ruwa uku a jere a farkon Afrilu, ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ni zan wuce, kada a yi shuka ba ni." Na ce masa ya dakata, wannan ruwan na Kurmi ne, bai ji ba. Ya je ya tarar da gari fayau, ya zauna wata biyu yana cin kuɗin da ya tara, da yayyafin farko ya sauka kuma ya kwashe irinsa ya shuka, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, sai da ya ci bashi ya sake. Yau dai wannan uzuri ya ragu, akwai waya a hannun kowa, kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, jiha-jiha, da lokacin da ake sa ran ruwa zai kankama. Duk mai gidan da ke da yara 'yan cirani a ƙarƙashinsa, haƙƙi ne a kansa ya nemo musu wannan bayani, kada ya bar hadarin Ibadan ya yanke musu shawara.

Amma a 'yan shekarun nan abin da nake gani ya sha bamban. Mayu takan zo ta wuce, Yuni ta shigo, sahu bai ragu ba, ƙaruwa ma yake yi. Wasu sun taho ne daga Legas bayan an hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a Yunin 2022. Wasu kuɗin mota ne ya gagare su tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Amma mafi yawa, musamman 'yan ƙasarmu da na Zamfara da gabashin Sakkwato, babu gonar komawa ne. Gonakin da ke nesa da gari sun zama daji saboda 'yan bindiga, inda ake nomawa ma a wasu wurare sai an biya kuɗi kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Bara ranar da aka yi ruwan farko na ga wani yaro tsaye a barandar masallaci ya zuba wa ruwan ido, na ce masa lafiya? Ya ce, "Baba, ƙanshin ƙasar nan ne. Shekara uku ke nan ban riƙe fartanya ba." Ban samu abin da zan ce masa ba.

Ra'ayina

Ga maganar da na ce ba kowa zai so ta ba. Mu Hausawan Kurmi mun iya karanta bazara don amfanin gonar da ke nesa da mu da tafiyar yini guda da kwana, amma ba mu iya karanta ta don amfanin layin da muke kwana a ciki ba. Da gishiri ya jiƙe, tunaninmu yakan tafi kan kuɗin taki da na huɗa da za mu aika gida, kuma wannan daidai ne, ba na sukar sa. Sai dai ban taɓa jin wani ya ce, tunda an juya, bari mu duba kwatar ƙofar gida ba. Duk tsawon rani muna cusa mata ledar ruwa da ɓawon rake da ganyen goro da tokar murhu, ta cika ta toshe ta bushe har yara na wasa a kanta. Ranar da ruwan farko ya zo sai ya rasa hanya, ya shigo shaguna da zaure, ya kwaso abin da ke cikin masai ya kai bakin rijiya, sannan mu fito da tsintsiya muna salati.

Tushen abin shi ne har yanzu muna ɗaukar kanmu matafiya. Mutum ya shekara arba'in a nan, ya aurar da 'ya'ya a nan, ya binne iyaye a nan, amma in ka ce ya gyara rufi sai ya ce ai shi yana hanya. Alhali unguwar Sabo tun 1916 aka kafa ta. Wani masani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda kakanninmu suka riƙe cinikin goro da shanu. Unguwar da ta haura shekara ɗari ba masaukin kwana ɗaya ba ce.

Kuma garin nan ya san ruwa. Dattawa na ba da labarin ambaliyar kogin Ogunpa ta 31 ga Agustan 1980, wadda Yarabawa ke kira Omiyale har gobe. Ta 26 ga Agustan 2011 kuwa da idona na gani, an rasa rai sama da 100, gadar Apete ta karye, unguwanni suka yanke daga gari. Duka biyun sun zo ne a watan da muke ɗauka ruwa na hutawa, kuma duk lokacin da aka zauna bincike, cikin dalilan da ake lissafawa akwai shara a magudanai da gini a kan hanyar ruwa. In kuma muna ganin wannan tsohon labari ne, to mu tuna Mokwa, garin da duk mai tafiya gida ta wannan hanya ya sani. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka masa cikin dare, aka rasa sama da mutum 150, kuma cikin inda abin ya fi muni har da Unguwar Hausawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi.

Abin da nake kira gare shi ba wani babban abu ba ne. Tunda Allah Ya ba mu alamomi da ke zuwa makonni kafin ruwa, mu mai da su ƙararrawa. Da zarar an shiga Fabrairu, kowane layi ya sa ranar gayya, kamar yadda muke yi wa gonar dattijo a gida. A yashe kwata tun tana bushe, domin busasshiyar shara ta fi sauƙin kwasa, a kuma haɗa kuɗi a kira mota ta ɗauke ta, kada a tara ta a bakin kwatar ruwa ya mai da ita inda ta fito. A duba kwanon rufi a ƙara ƙusa. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a kuma bar ruwan farko ya wanke rufi ya wuce kafin a fara tara na sha, don kwalara ba ta sallama, mun ga yadda ta ɓulla a Legas a Yunin 2024. A kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a cike ramuka, tunda sauro bai fi kwana bakwai zuwa goma yake buƙata a ruwan da ya kwanta ba kafin ya tashi. A fito da gidan sauro a ɗinke inda ya yage. Limamai su faɗa a masallaci, masu unguwa su sa ido. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san abin da za a ce

Da na kawo wannan magana a majalisarmu, wani aminina ya ce, "Haba Alhaji, mu da muke haya? Wannan ai aikin mai gida ne da gwamnati, haraji muke biya." Gaskiya ne akwai manyan magudanai da suka fi ƙarfinmu, kuma ya kamata shugabanninmu su riƙa bin hukuma a kansu ba gajiyawa. Amma ruwa in ya shigo ɗaki ba ya tambayar wa ke da takardar gida. Katifar ɗan haya ce ke jiƙewa, buhun shinkafarsa ne ke lalacewa, ɗansa ne ke kwana asibiti.

Akwai kuma wani abu da ya wuce lafiya. Ruwan da ya bar layinmu da shararmu gangarawa yake yi ya tarar da wasu, kuma mutane na lura. Mu da muke zaune cikin jama'ar da ba tamu ba, kowace leda da ta fito daga wurinmu da sunanmu take tafiya. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsa, kamar yadda aka ruwaito ya faro ne daga 'yar cacar baki a kan kayan da aka zubar a ƙofar shago. Ranar da maƙwabtanmu Yarabawa suka fito suka gan mu da shebur a cikin kwatar da muke tarayya da su, mun yi abin da taron sulhu goma ba zai yi ba.

Su kuma yaran da ba su da gonar komawa, kada mu bar su suna shaƙar ƙanshin ƙasa daga baranda. Ƙasar nan tana ba da masara sau biyu a shekara, a shuka a Maris ko Afrilu, a sake shukawa a ƙarshen Agusta, ga rogo, ga lambu a bakin rafi da wasu 'yan'uwanmu suka daɗe suna yi. Masu hali a cikinmu za su iya tsaya musu a karɓi aron gona ko haya a ƙauyukan kewaye, amma ta ƙofa, da sanin masu ƙasa da sarakunansu, a rubuce, da shaidu, kowa ya san iyakarsa da ranar da yarjejeniya za ta ƙare. Yaron da ya tashi da fartanya a hannu, in ka ba shi kadada guda ka raba shi da zaman tasha. Sai dai dole ya koyi kalandar nan, domin in ya jira Yuni kamar yadda ya saba, ya riga ya rasa shukar farko.

Daga ƙarshe

Ɗan autana an haife shi ne a nan, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Kwanakin baya na ce masa bazara ta shigo, ya ce, "Baba, wace ce Bazara?" Ya ɗauka baƙuwa muka yi. Na yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Laifina ne, ban taɓa zaunar da shi na gaya masa shekara tana da bazara da damina da kaka da rani ba, ban ba shi labarin shamuwa da gawo ba. Na yi alkawarin in Allah Ya kai mu hutun makaranta kuma hanya ta yi kyau, zan kai shi ko da cikin Katsina ne ya ga shamuwa da idonsa. Shi kuma ya riga ya fara biya na, don shi ya nuna mini cewa in tururuwa suka fara jerin gwano suna hawa bangon kicin da ƙwayayensu, to a kwashe shanya.

Ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu mu a layinmu za mu fito da shebur bayan sallar asuba. Mai shayi ya ɗauki nauyin ruwan zafi, ni na ɗauki burodi, mutum tara sun ba da suna, aminin nan nawa mai maganar haraji ya ce zai zo ya gani tukuna. 'Yan'uwa na Legas da Shagamu da Abekuta da Anacha da Fatakwal, na san kowane gari da nasa alamomin, in mun haɗu a ɗaurin aure ko a mota sai ku ba ni labarin naku.

Allah Ya ba mu damina mai albarka a nan da can, Ya kawo zaman lafiya a ƙauyukanmu, Ya mai da kowane manomi gonarsa. Wassalam.